Na ce wa Baba sosiyoloji zan karanta, na ɓoye masa sauran sunan

Gwaggo, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ƴar Tawa ce, shekarata 25. Na gama lisans na sosiyoloji a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sai Allah ya ba ni bursi na mastar a Beljiyam, a fannin nazarin jinsi, abin nan da ake ce wa «genre». Da Baba ya tambaye ni me zan karanta, na ce masa ci gaban sosiyoloji ne, ban faɗi sunan ba. To wani ɗan baffana ya ga takardar, ya kai wa Baffa labari wai luwaɗi da maɗigo za a je a koya mini. Maganar ba ta kai kunnen Baba ba tukuna, amma ta kusa. Wanda zan aura shi ma ya fara ja da baya. Ni kaina da na duba jerin darussan na ga ɗaya a kan sha'anin jima'i a al'adu daban-daban, sai gabana ya faɗi. Abin da nake so in bincika shi ne rayuwar matan da mazansu suka tafi bida, irin yayata da mijinta ya shekara bakwai a Abijan. In tafi, ko in haƙura?

Ɗiyarki daga Tawa

Ɗiyata, barka da arziki. Bursi ba a tsintar shi a bakin hanya, kin yi ƙoƙari.

Ra'ayina ki tafi. Amma kafin maganar jirgi akwai bashin da ke kanki, kuma ba na Baffa ba ne, ba na saurayi ba ne. Na Baba ne. Abin da kika gaya masa ba ƙarya ba ce tsagwaronta, don nazarin jinsi reshe ne da ya tsiro a jikin sosiyoloji da tarihi da nazarin al'adu, amma ke da ni mun san dalilin da ya sa kika haɗiye sauran sunan. Yanzu ki auna: in ya ji daga bakin Baffa, abu biyu zai ji a lokaci guda, wato munin da aka shafa wa karatun, da kuma cewa ɗiyarsa ta rufe shi. Na biyun ne zai fi yi masa ciwo, kuma shi ne zai zama hujjar na farkon. Zai ce in abin kirki ne me ya sa ta ɓoye? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ki riga Baffa isa, cikin satin nan.

Kada ki tare shi a tsaye yana shirin fita. Ki bari bayan sallar isha'i, ya ci tuwo, ya miƙe ƙafa a tabarma. Ki zo da takardar darussan a buge, ba a waya ba, ki durƙusa ki fara da neman gafara: “Baba, ranar da ka tambaye ni ban cika maka magana ba, tsoro ne ya kama ni.” Sannan ki bi darussan layi-layi kina juya masa da Hausa, har da wanda ya faɗar miki da gaba. Kada ki tsallake shi. Ɗan baffanki ya riga ya gan shi, kuma duk abin da kika tsallake shi za a ɗauko gobe. In kin san bakinki zai yi rawa, ki tafi da wadda yake jin nauyinta, gwaggonki ko babbar yayarsa, ta zauna a gefe ko da ba ta ce komai ba.

To me za ki ce masa karatun yake nufi? Ki bar ma'anar littafi, ki ɗauko ta ƙofar gidanku. A gida mace ke ɗebo ruwa, amma da ruwa ya zama na sayarwa sai ga ɗan ga-ruwa, namiji, da kurarsa. A gida mace ke wanki da girki, amma mai wankin unguwa da mai shayi da mai tsire duk maza ne. Ki haura arewa kaɗan, wajen Abalak da Cintabaradan, a wurin Buzaye namiji ne ke rufe fuska, kuma tanti na mace ne, in aure ya mutu shi ne zai naɗe kayansa ya bar mata ɗakinta. A Gerewol na Wodaɓe samari ke shafa kwalli su jera, ƴan mata su zaɓa. Ke da kika zauna Yamai kin san Bazabarme da “a” guda yake kiran mace da namiji, mu kuwa ba ma iya ce wa mutum “zo ka ci” sai mun san ko “ka” ne ko “ki”. Duk a ƙasa ɗaya, kuma akasarinmu alƙibla ɗaya muke kallo. Karatun nan tambayarsa ke nan: cikin abin da muke cewa “haka mace take, haka namiji yake”, wanne ne halitta, wanne ne umarnin addini, wanne ne al'adar gari, wanne ne kuma talauci ko fari ko mulkin mallaka ya kawo jiya-jiya muka ɗauka tun fil'azal yake? Dattijon da ya ga duniya ba zai rasa gane wannan ba. Wataƙila ma ya ƙara miki misalan da ba ki sani ba.

Ki kuma tuna masa da Keita, can cikin jiharku ta Tawa. Aikin raya ƙasa da aka fara can a 1984, na gina shingen duwatsu da dasa itatuwa a kan fako, mata ne suka fi yawa cikin waɗanda suka ɗauki duwatsun a ka, saboda mazan sun tafi bida. Ƙasa ta farfaɗo. Sai tambaya ta biyo: gonar da ta farfaɗo, sunan wa take amsawa? Wannan ita ce irin tambayar da za ki je koyon yadda ake bin diddiginta, kuma ita ce tambayar yayarki.

Sai darasin da ya tsorata ki. Ba zan yi miki rufa-rufa ba, tunda na hana ki yi wa Baba. Beljiyam ta halatta auren jinsi ɗaya tun 2003, ita ce ta biyu a duniya bayan Holan da ta yi a 2001. A ajinku za a karanta rubuce-rubuce a kan wannan, za a yi muhawara, kuma cikin ƴan ajin ko malaman akwai waɗanda rayuwarsu ke nan, ba sa ɓoyewa. Wasu malaman suna da aƙida mai ƙarfi a kai, kuma za ki ji ta a muryarsu. Wanda ya ce miki babu wannan bai gaya miki gaskiya ba. Wanda kuma ya ce za a koya miki aikatawa, bai taɓa zama a aji irin wannan ba. Abin da jarrabawa ke nema a wurinki shi ne ki iya faɗin hujjar marubuci daidai yadda ya kawo ta, ki nuna inda ta yi ƙarfi da inda ta yi rauni, da dalili. Ba a ce ki yi shahada da ita ba. Ɗalibin tarihi yana karanta addinin Fir'auna bai zama mai bautarsa ba. Abin da ba za a ɗaga miki ƙafa a kai ba shi ne zagi da wulaƙanta mutum, kuma wannan ko a zauren gidanku ba a koya miki shi ba. Yarinyar da za ta ara miki littafinta ranar da mura ta kwantar da ke, mai yiwuwa ne tana cikin waɗanda Baffa ke faɗa. Ki karɓi littafin, ki yi godiya, ki gaishe ta in ta yi rashin lafiya. Ba wanda ya ɗora miki hisabinta, kuma ita ma ba ta da ikon canza miki sallarki.

Wani abu kuma: mu ne muka mai da maganar jiki abin da ba a furtawa, malamanmu na da ba haka suke ba. Yarinyar da ta yi Ahalari da Risala a makarantar allo ta karanta hukuncin haila da janaba da wankan tsarki dalla-dalla. Muhtasar na Shehu Halil, wanda manyan malaman Malikiyya ke taƙama da sauke shi, da hukuncin gadon mata-maza ya rufe. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Kuma darasin da ake ce wa na jima'i, kaso mai yawa na cikinsa abubuwan da ungozoma da likitan mata ke fama da su ne kullum: auren wuri, tazarar haihuwa, yoyon fitsari, cutar sida, fyaɗe da yadda ake binne maganarsa, wa ke da ikon cewa a tafi asibiti in naƙuda ta yi tsawo. Makarantar mazaje da aka fara a jihar Damagaram, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, daga irin wannan nazari ta fito, har wasu ƙasashe suka kwaikaya daga wurinmu.

Ni abin da nake jiye miki tsoro daban ne, kuma ba shi cikin takardar darussan.

Na taɓa zama a aji a ƙasar waje, ni kaɗai ce baƙar fata mai ɗankwali. Ranar da aka zo kan auren mace fiye da ɗaya, malamar ta juyo da murmushi ta ce in ba su labari, tunda daga can na fito. Kai ashirin suka juyo gare ni. Na ji daɗin kallon, ba zan ɓoye ba. Sai na shiga ba su abin da na ga suna so: kishi, rabon kwana, faɗan tsakar gida, boka da laya. Suka yi ta rubutu. Da na koma ɗaki na zauna a bakin gado, sai na tuna cewa kishiyar uwata ce ta goye ni lokacin da Inna ta yi jinya wata huɗu, ita ce ta sayar da tunkiyarta ta saya mini kayan lakwal, kuma ko sunanta ban ambata ba. Abin da na faɗa a aji ba ƙarya ba ne. Amma na yanko rabin da ke da kasuwa na bar sauran. Wata guda bayan haka na faɗa ɗaya ramin: wani ya kawo maganar auren ƙananan yara, na tashi da zafi na ce sharrin Turawa ne, mu ba mu da matsala. Ina faɗa ina tuna ƙawata da aka cire daga aji shida aka kai ta ɗaki.

Ke ma za su juyo gare ki. Akwai lambar da za ta riga ki isa ajin: binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, kuma haihuwa ta kai 7.6 ga kowace mace. Kusan duk wanda ya san sunan ƙasarmu a wannan fanni ta wannan ƙofa ya san shi. Kada ki musa, gaskiya ce. Kada kuma ki yarda ta zama ita kaɗai ce sunanki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma shi ne kuma ya san inda bangon yake da ƙwari.

Maganin ramukan nan biyu ɗaya ne: ki san tarihin gidanku fiye da yadda suka san shi. Ki san cewa ranar 13 ga Mayu 1991 matan Yamai suka fito kan titi saboda mace guda tak aka saka cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa, suka tilasta aka ƙara, shi ya sa har yau ranar take ranar matan Nijar. Ki san dokar kason mata ta 2000, da ta fara da kashi 10 na kujerun zaɓe da 25 na naɗi, aka ɗaga ta a 2019 zuwa 25 da 30. Ki san cewa Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata a 1999 amma da togaciya a kan wasu sassa, cewa majalisar dokoki ta ƙi yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka a 2006, cewa kundin dokar iyali an yi ta yunƙuri bai taɓa tsayawa ba. Ki kuma san hujjar waɗanda suka ƙi, daga bakinsu, ba daga bakin masu zaginsu ba. Ki san shari'ar Hadijatou Mani, ƴar jiharku, da aka sayar tana shekara 12 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake saye a mai da ita mace ta biyar, ta kai ƙasarta ƙara kotun CEDEAO da taimakon ƙungiyar Timidria, ta yi nasara ranar 27 ga Oktoba 2008, aka yanke a biya ta miliyan 10 na sefa. Ba Bature ne ya zo ya gano wahaya ba, ƴan ƙasa ne suka tsaya. Ki haɗa da Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, da Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da ta tsara ƴan taru, malamai mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata tun ƙarni na 19.

Kuma fannin nan ba gonar Turawa ba ce su kaɗai, ko da jerin littattafan da za a ba ki ya nuna haka. Ousseina Alidou, ƴar Nijar ce da ke koyarwa a Jami'ar Rutgers ta Amurka, ta yi rubutu a kan matan Musulmin ƙasar nan da yadda suke sarrafa ilimin addini da na boko. Fatou Sow ta Senegal ta daɗe a fagen. Oyeronke Oyewumi ta Najeriya ta ƙalubalanci Turawan kansu, ta ce a wurin Yarabawan da girma da ƙuruciya ne ke tsara matsayi fiye da zama mace ko namiji. An yi mata raddi, wasu ma ƴan uwanta Yarabawa ne, kuma wannan jayayyar ita ce daɗin karatun. Fatima Mernissi ta Maroko za ki yarda da ita a wani wuri ki saɓa mata a wani. Kafin ki tashi ki leƙa cibiyoyin binciken zamantakewa na LASDEL da IRSH a nan Yamai, ki ga abin da aka riga aka rubuta a kan bida a Adar. In kin shiga aji da waɗannan a kanki, in aka juyo gare ki ba labarin tsakar gida za ki bayar ba, hujja za ki kawo.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali a wasiƙarki shi ne jimlar kusa da ƙarshe. Kina da tambaya. Yawancin waɗanda na ga karatun waje ya juya musu kai, hannu rabbana suka tafi, sai suka ɗauki tambayar malaminsu suka mai da ita tasu, suka dawo suna magana da yaren da ko uwarsu ba ta ganewa. Ke kuwa kina da yayarki. Shekara bakwai: wa ke noma gonar, wa ke riƙe kuɗin da ake aikowa, ita ko surukinta? In yaro ya yi zazzaɓi da dare, izinin wa take jira? Me gari ke cewa in ta fita kasuwa, me yake cewa in ba ta fita ba? Da kewar miji, wadda ba mai tambayarta, wa take gaya wa? Kin ga ashe darasin da kike tsoro ma yana da abin da zai ce a kan yayarki. Duk ka'idar da aka koya miki, ki ɗora ta a kan wannan baiwar Allah ki gani. In ta haska miki wani abu, ki riƙe. In ba ta hau ba, ki rubuta dalilin da ya sa ba ta hau ba, wannan ma ilimi ne, kuma malamin kirki zai ba ki maki a kai. Ki nemi izininta tun yanzu, ki zauna da ita da tsofaffin unguwa ki ɗauki maganarsu, da alkawarin ba za ki fitar da sunan kowa ba, kuma ki cika.

Maganar wanda zai aure ki ba zan ja ta ba. Ki nuna masa takardar da kika nuna wa Baba, ki gaya masa ranar tafiya da ranar dawowa. Yana da haƙƙin ya ce ba zai iya jira ba, wannan ba laifi ba ne. Amma in dalilinsa jita-jitar ɗan baffanki ce, bai zo ya tambaye ki ba, to kin ga yadda zai riƙa yanke hukunci a gidanku. Gara yanzu.

Baffa kuwa kada ki yi jayayya da shi, ba sa'anki ba ne. In Baba ya gamsu, shi zai ji da ɗan'uwansa. In Baba bai gamsu ba a zaman farko, kada ki yi fushi, kada kuma ki ɗauki jaka a ɓoye. Ki roƙe shi ya kai takardar wurin malamin da ya yarda da shi, ki nemi a ba ki dama ki yi bayani a gabansa. Ki kuma rubuta wa masu bursin ki tambaya ko ana iya ɗage shiga. In duk ya ƙi, Dakar na nan, akwai masu wannan nazari a Jami'ar Cheikh Anta Diop, kuma iyaye da yawa da ke tsoron Turai ba sa tsoron Senegal.

Kada ki sa rai takardar ita kaɗai za ta ba ki aiki. Yawancin guraben fannin nan a ƙungiyoyi da furoje suke, kuma kin ga yadda kuɗin waje ya ja baya tun 2023. Don haka duk darasin ƙididdiga da dabarun bincike da kika samu ki rungume shi, ko da ba shi da daɗi. Wanda ya iya tsara anket ya karanta lambobi ba ya rasa mai nemansa. Ki tambaya tun kafin ki tafi yadda za a amince da takardar in kin dawo.

Can kuma, niƙabi haramtacce ne a bainar jama'a tun 2011, amma hijabi za ki ga ɗalibai da shi a jami'o'i. Ki dai tambayi ƙa'idar makarantarku da ta wurin da za ki yi sitaj. A Burussal ba za ki rasa masallaci da naman halal ba, unguwannin Molenbeek da Schaerbeek cike suke da ƴan Maroko da Turkiyya. Abin da ba a gaya wa ɗan Adar shi ne duhu: a watan Disamba kafin ƙarfe biyar na yamma rana ta faɗi, sai kewa ta sauko kamar an aiko ta. Ki sa ranar da za ki riƙa kiran gida, ki riƙa gaya wa Baba abin da kuka karanta a satin, da Hausa. Kilishi kada ki wahalar da kanki, ba a shiga Turai da nama, a filin jirgi za su karɓe. Ki cika jakar da kuka da kuɓewa busasshiya da yaji.

In kun yi maganar da Baba, ki rubuto mini abin da ya ce.

Gwaggo